Buhun Yashi a Kujerar Direba

Lahadi, 5:10 na yamma

Motar ce. Na faɗa a filin tsere, na faɗa a gareji, yanzu ga shi na rubuta. Hancinta ya ƙi shiga kwana ta huɗu, wadda ke karyawa hagu. Na murza sitiyari, ta ci gaba da tafiya miƙe kamar ba da ita nake ba, sai tayoyin da aka jera a bakin hanya ne suka tare ni. Fitila ɗaya ta fashe, bamba ta lotse, shi ke nan. Mai tuta da ke tsayawa bayan tayoyin bai ji ciwo ba. Tsalle ya yi baya ya faɗi, gwiwar wandonsa ta yage. Amma ka ji yadda ake ba da labarin, sai ka ɗauka gawa aka kwasa.

Saura mako uku tseren ƙarshe na bana. Shekara goma sha tara ina shiga, ban taɓa fashi ba. Ba wani abu ake samu ba, kofi ne na gwangwani da tafin mutum talatin a tsohon filin jirgi, mu da likitan haƙori da mai sayar da fenti da sauran marasa jin magana. Amma zan shiga. Mako uku ya ishe ni in gyara ƙafafunta.

Litinin, 9:00 na safe

Dogo ya ɗaga ta a jak, ya shiga ƙarƙashi da tocila, ya girgiza kowace ƙafa, ya fito yana share hannu. Shekara ashirin yana yi mini aikin mota, ban taɓa jin ya yi magana kafin ya gama share hannu ba.

"Direba, babu abin da ya lanƙwashe."

Na ce to shokozoba ne, gaban ya yi tauri. A saman kowanne akwai ɗan maɓalli da ake murzawa, kowace murza ta yi ƙas, ana ƙirgawa daga tauri zuwa laushi. Na ce ya kai gaban ƙas goma sha huɗu. Ya ce dokarmu tana nan dai ko? Na ce tana nan: abu ɗaya ake canzawa, a rubuta, a gwada, sannan a taɓa wani. Ni na koya masa dokar ma, yau shi ke tuna mini.

Ya murza, ya rubuta a littafin gareji. Sai ya tsaya yana kallona, kallon ya ɗan yi tsawo. Na ce ko na canza kama ne? Ya ce a'a, tsufa dai.

Talata, 1:15 na rana

A maɗaba'a kafaɗata ta sake bugun ƙyauren ɗakin yanka takarda. Na yi wa ma'aikata faɗa a kan barin ƙofa rabi a buɗe. Daga baya na lura ƙofar a buɗe take har bango, ginshiƙin na buga.

Laraba, 6:00 na yamma

Gwaji. Auta ta taso daga aiki ta riƙe mana agogo, ko rigar kantin magani ba ta cire ba. Ita ce ƙaramar 'yata, shekararta ashirin da shida, kuma ita kaɗai a gidan ta san bambancin sifirin da shokozoba. Yayyenta ko taya ba su iya canzawa.

Minti ɗaya da daƙiƙa talatin da ɗaya. Bara a ashirin da bakwai nake zagayawa. Duk kwanar da ta karya dama motar tana shiga kamar wuƙa a sabulu. Ta huɗu kuwa, da ta bakwai, sai na tsinci kaina a can waje ina kokawa da sitiyari. Duka biyun hagu ne, saboda haka nauyin motar bai zauna daidai a kan ƙafafunta ba. Wannan a bayyane yake ga duk mai hankali.

Auta ta ce, "Baba, kamar kana makara wajen karyawa. Kana wuce allon alama kafin ka taka birki."

Na ce da ta fara tuƙi a cinyata take zaune, kada ta koya mini inda allo yake. Ta ce yi haƙuri. Ta naɗe igiyar agogon a yatsanta, ta warware, ta sake naɗewa har muka iso gida.

Alhamis, 4:30 na yamma

Ƙas goma sha shida. Babu canji. Motar ce.

Juma'a, 7:20 na safe

Na nemi shayina na rasa, na ɗaga murya. Maman Auta ta zo ta ɗauke kofin daga hagun farantina ta mayar dama. Da ta yi mini gori da ya fi mini sauƙi.

Tana bakin ƙofa ta ce, "Takardar nan fa tana cikin motar gida har yanzu."

Na ce na sani. Wata guda ke nan tana aljihun gaban mota, a liƙe yadda aka ba ni. Ba sai na buɗe ba, ai likitan asibitin da baki ya yi mini bayani, yana nuna hoto a bango da bayan alƙalami. Yaro ne, bai fi sa'ar babban ɗana ba. Su ba su da aiki sai tsorata mutane.

Asabar, 2:00 na rana

Yau muka ɗora ta a sikeli, ɗaya ƙarƙashin kowace taya. Ba a auna motar tsere babu direba, domin nauyin mutum yana canza yadda take zama. Tun da ba zan yini a ciki ba, muna da buhun yashi da muke ɗaurewa a kujera da bel. Kilo tamanin da takwas, nauyina cif. Shekara goma sha ɗaya buhun nan yana zama a madadina. Dogo ya zana masa ido biyu da gashin baki, yana kiransa Ƙaramin Direba, wai ya fi ni sauƙin kai don ba ya musu.

Sikeli ya nuna komai daidai. Gaba-hagu da baya-dama, gaba-dama da baya-hagu, bambancin bai kai kilo biyu ba. Na ce sikelin ya lalace. Dogo ya hau da kansa, ya nuna nauyinsa daidai. Sai ya nuna mini allin da ya goga a gefen tayoyi ranar gwaji, duka huɗun sun cinye shi daidai wa daida.

"Direba," ya ce, "ni fa ba na son a bar jaki ana dukan taiki."

Na ce wane ne jakin? Ya ce shi bai kira suna ba. Na ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni ke cikin motar, ba shi ba. Ya ce haka ne, ya tafi cin abinci.

Yana fita na ɗauki sifana. Na sassauta sandar da ke haɗa ƙafafun gaba, na ƙara wa baya tauri ƙas huɗu, na rage iskar gaba, na ɗaga bayan da zagaye biyu na noti. Abu huɗu a zama ɗaya, ban rubuta ko ɗaya ba. Ina yi ina jin kunyar buhun da ke kallona.

Litinin, 5:40 na yamma

Motar ta zama mahaukaciya. Yanzu baya ne ke wutsil-wutsil a kowace kwana, har ta dama da ba ta da laifi. Sau biyu na juya ina fuskantar inda na fito. Kwana ta huɗu kuma tana nan yadda take.

Dogo ya tambayi me na taɓa. Na kasa lissafa masa daidai. Bai yi faɗa ba, ya ce in bar masa ita kwana biyu, akwai wani saiti da ya samo wurin wani gwani. Na ce wane gwani ne ban san shi ba? Ya ce wani ne da ake ji da shi a da.

Ina jin tsoro. Na rubuta, ba zan goge ba.

Talata, 11:30 na safe

Mai tuta ya zo maɗaba'a buga katin shagonsa, ashe gyaran fanka yake yi. Tsayuwar da yake mana a fili kyauta ce, sha'awa kawai. Yana ɗan ɗingishi. Na tambaya, ya ce ba komai, tsohon targaɗe ne ya tashi. Na ce ba zan karɓi kuɗin kati ba, ya ce ai sai ya kai wani wuri, dole na karɓa.

Ya nuna mini hoton 'yan biyunsa a waya, watansu bakwai. Da zai tafi ya juyo.

"Yallaɓai, kar ka ga na yi shisshigi. Shekara shida ina kwanar nan, na san ƙarar birkin kowa. Naka a daidai allo yake zuwa, ko agogo albarka. Ranar nan ban ji shi ba sai da ka wuce."

Na ce shokozoba ne. Ya ce to, Allah ya kyauta. Na raka shi bakin titi, abin da ban taɓa yi wa mai kati ɗari ba.

Laraba, 3:00 na rana

Ban je ko'ina ba. Na ce musu kaina ke ciwo.

Alhamis, 6:15 na yamma

Na gwada saitin gwanin Dogo. Zagaye biyar na yi na shigo ina huci. Na cire hular kwano na ce duk wanda ya yi wannan saitin bai taɓa zama a mota ba, ko amalanke ba zan ba shi ya gyara ba. Na ce hanci ba ya shiga, na ce ɓata mini lokaci aka yi, na faɗi wasu maganganun da ba na rubutawa ba.

Dogo ya bar ni na gama. Ya share hannu. Ya buɗe littafin gareji ya koma baya, shafin bara, ya miƙo mini. Ƙas goma sha biyu gaba, takwas baya, iska kaza, tsayi kaza. A ƙasa an ja layi biyu an rubuta, "Kada a sake taɓa ta." Rubutuna ne. Da saitin nan na ɗauki kofi.

Ban gama haɗiye wannan ba Auta ta iso, a ƙafa, tana haki. Ta ce, "Baba, ka gan ni?"

Na ce na gan ki mana.

"A ina?"

Na ce inda kika saba tsayawa, wurin layin farawa.

Ta dubi Dogo, Dogo ya dubi ƙasa. Jan mayafi ne a jikinta, ja wur, irin wanda ake hangowa daga ƙarshen fili. Ta ce tun zagayen farko tana tsaye a jikin allon kwana ta huɗu, bayan shingen kankare, tana ɗaga mini hannu biyu. Sau biyar na wuce ta.

Na ce haɗa baki suka yi su tozarta ni. Na ce ita da Kawun nata Dogo su riƙe motar su cinye. Ita ta tuƙo mu gida. A bakin get na ga farin fentin da ginshiƙin hagu ya kankare daga motar gida, layi uku, ban san yaushe na yi su ba.

Asabar, 12:40 na rana

Kwana biyu ba na amsa gaisuwarta sai da ka. Yau da safe ta tare ni a falo ta ce in ba zan yi mata magana ba, in zo in nuna mata laifin motar da kaina. Na ce to, ta hau ta ji abin da nake ji, in ta fasa hanci kada ta kira sunana.

Lasisin tsere tana da shi, shekara uku ke nan. Ni na koya mata, ni na kai ta jarrabawa, kuma ni ne duk shekara nake cewa sai baɗi. Mota ɗaya ce, kujera ɗaya.

Dogo ya cusa mata matashi a baya don ƙafarta ta kai totur. Na tsaya a layin farawa da agogo. Zagayen farko talatin da uku, tana lallaɓawa. Na biyu talatin. Na uku ashirin da takwas da ɗigo shida, da matashi, da kujerar da ba tata ba, da motar da aka auna da nauyin wani.

Ba wannan ne ya tsaya mini ba. Ina bin ta da kallo a miƙaƙƙiyar hanya, ja ce motar, rana tana dukanta. Da ta karya hagu sai ta ɓace. Ba ƙura, ba shinge, ina jin kukan injin sarai, amma babu mota. Sai da na juya kaina gaba ɗaya na same ta, har ta fita daga kwanar tana miƙewa.

Dogo ya ce, "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Ya ga fuskata, ya kau da kai.

Da ta fito ta cire hula, gumi ya jiƙe mata kai. Ba ta yi murna ba. Ta ce, "Baba, tana ɗan jan dama kaɗan wajen birki." Na san ƙarya take yi don ta bar mini abin riƙewa, kuma wannan ya fi komai ciwo.

Litinin, 8:05 na safe

Na buɗe takardar. Da'ira biyu ne, ɗaya ta kowane ido, kowacce rabinta baƙi. Gefe ɗaya, hagu.

Laraba, 4:20 na yamma

Maman Auta ta same ni a baranda da takardar shiga tsere a cinya. Jibi ake rufe karɓa. A ƙasanta akwai layin da mutum ke sa hannu cewa ba shi da wata larura da za ta hana shi tuƙi. Sau goma sha tara na sa hannu a wurin ban ko karanta ba. Babu mai bincike, mu ne kwamitin, mai sayar da fenti ne sakatare.

Na ce mata zan iya ƙirga daƙiƙa daga kwana ta uku, in taka birki da lissafi ko ban ga allo ba. Na san filin nan kamar tafin hannuna. Tsere ɗaya kawai, in cika ashirin, in ajiye da kaina.

Ta zauna, a damana. Ta ce, "Malam, shekara goma sha tara ina zaune a gida ranar tsere, waya a hannu, ban taɓa ce maka kar ka je ba. Ka san dalili? Don na san kana ganin abin da ke gabanka. In ranka ne kaɗai, naka ne, ka yi yadda ka so. Shi mai 'yan biyun fa, da lissafi zai yi tsalle?"

Ban san na ba ta labarin 'yan biyun ba. Ashe na faɗa, har sau uku in ji ta.

Na yi fushi, na ce kowa ya zama likita a gidan nan. Ta ce eh. Ta ɗauki kofina da ya huce ta shiga ciki.

Alhamis, 10:00 na safe

Na ɗauki alƙalami na ajiye. Na ɗauka na ajiye. In ban da ranar Lahadi a filin nan, ni wane ne? Mai buga katin gyaran fanka.

Juma'a, 3:30 na rana

Na sa ma'aikaci ya kai ni gareji. Dogo yana ƙarƙashin wata motar, ƙafafunsa kawai ake gani. Na ce ya fito da sikeli. Ya ce an auna ta ai, lafiyarta ƙalau. Na ce na sani, ba don ni ba.

Na kira Auta a waya na tambayi nauyinta. Ta ce, "Baba, wannan wace irin tambaya ce ake yi wa mace ana tsakiyar aiki?" Na ce ta faɗa mini da hular kwano da takalmi. Sannan ta ce sittin da ɗaya, muryarta ba daidai ba.

Na kwance bel, na sauke Ƙaramin Direba, na warware bakinsa. Dogo ya kawo bokiti da gwangwanin madara, ya miƙo hannu zai karɓa, na ce a'a. Da kaina na ɗebe, gwangwani bayan gwangwani, kilo ashirin da bakwai. Buhun ya saki, fuskar ta yamutse, gashin bakin ya koma ƙarƙashin haɓa. Dogo ya ce yanzu ne ma ya yi kama da ni. Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ya juya baya yana neman sifanar da ke hannunsa.

Muka matso da kujera gaba rami uku. Muka ɗaure buhun, muka ɗora ta a sikeli. Gaba-hagu ta yi sauƙi, kamar yadda ya kamata. Rabin zagayen noti a nan, kwata a can, Dogo yana murzawa ina karanto masa lamba, kaina a karkace. Abu ɗaya, a rubuta, sannan wani. Kafin la'asar ta zauna daidai.

Takardar na kai wa sakatare da hannuna, saura minti arba'in a rufe. Ya duba ya ga sunan Auta, ya dube ni, ya buɗe baki. Na ce ya buga hatimi kawai, ba hira na zo ba.

Dogo ya tambayi yadda za a yi da yashin bokiti. Na ce ya bar mini.

Lahadi, 5:10 na yamma

Na kai wa mai tuta bokitin, ko man mota zai zuba a hanya ya samu abin yayyafawa. Ya ce yashin da nauyi. Na ce ai nauyina ne. Ya matsa mini wuri bayan tayoyi, ya sa ni a inda hanya ke zuwa mini ta dama, ban roƙe shi ba.

Auta ta zo ta huɗu cikin goma sha ɗaya, likitan haƙori da ke gabanta ya sha da ƙyar. Maman Auta tana gida da waya a hannu, yau ma.

Zagaye goma sha biyu, sau goma sha biyu na ji birkinta a daidai allo. Mai tuta ya ce, "Ka ji ko, Yallaɓai? Irin naka ne sak." Hancin yana shiga ba musu, tayar ciki tana shafar farin layi, ta fita. Na gani da idona, da rabin da ya rage.

Na rubuta a littafin gareji, ƙarƙashin na bara: ƙas goma sha biyu gaba, takwas baya, direba kilo sittin da ɗaya. Motar ba ta da komai.